Keken Jariri Ga Mai Hawa Bas da Shiga Ƙananan Shaguna

Tambaya

 Keken jariri ne ya hana ni sakat. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Landan shekara biyu ke nan. Muna zaune a Peckham, a hawa na biyu, gidan babu lifta, kuma ba mu da mota. Da na haihu, matar abokin maigidana ta ba ni keken da ta yi renon 'ya'yanta da shi. Mai kyau ne ƙwarai, tayoyinsa manya, amma nauyinsa kilo 14 ne, faɗinsa santimita 62. Makon jiya bas biyu suka wuce ni ina tsaye cikin yayyafi, domin akwai keke biyu a cikin kowace. Direban ta biyun ya ce in naɗe nawa in shigo, ni kuwa nawa ba ya naɗuwa sai an cire gadon da ke kansa, kuma sai da hannu biyu. A shagunan Rye Lane inda nake sayen doya da manja da busasshen kifi ba ya wucewa tsakanin kantoci. Ranar nan na ture gwangwanayen tumatir, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. 'Yata watanta uku. Da na gaya wa Hajiyarmu a waya sai ta ce me ya hana ni goyo kamar kowa. Ina goyo, Anti, amma tiyata aka yi mini, marata da bayana ba sa jure doguwar tafiya ga kuma kaya a hannu. Maigida ya ce in zaɓi ƙarami ya saya. Na duba na ga sun yi yawa, kowanne ana kambama shi. Wanne zan ɗauka?

Maman Amira, Landan

Amsa

Maman Amira, Allah ya raya jaririyar, ya ƙara miki sauƙi.

Hanyar da keken jariri zai riƙa bi kullum ita ce ke zaɓensa. Wurin da ya fi matsi a hanyar shi ke yanke faɗinsa, matakalar gida ke yanke nauyinsa, tsarin cikin bas kuma ke yanke irin naɗinsa. Keken da aka ba mai wasiƙar an ƙera shi ne domin iyalin da ke da but ɗin mota da ƙofar gida a ƙasa. Ba shi da aibu, rayuwar gidan ce ba irin tasa ba.

Motocin bas na Landan ba su da matakala a bakin ƙofa, kuma kowace tana da fili guda daura da ƙofar tsakiya. Filin na masu keken guragu ne tun asali. Idan babu mai buƙatarsa, ana barin keken jariri a buɗe a wurin, yawanci guda biyu in ba su cika girma ba. Da zarar mai keken guragu ya zo shiga, shi ke da fifiko, sai uwa ta matsa ko ta naɗe nata. Wannan batu har Kotun Ƙolin Birtaniya ya je. A shekarar 2012 wani mai keken guragu, Doug Paulley, ya kasa shiga bas daga Wetherby zuwa Leeds saboda wata mata ta ƙi ɗauke keken ɗanta da ke barci a filin. A watan Janairun 2017 kotun ta yanke cewa bai isa direba ya roƙi fasinja sau ɗaya ya yi shiru ba, wajibi ne ya ƙara matsa masa lamba idan ƙin nasa ba shi da dalili. Hukuncin yana kan gaskiya, domin uwa na iya ɗaukar ɗanta a hannu, shi kuwa mai keken guragu kekensa ne ƙafarsa. Abin da ya biyo baya ga duk mai hawa bas da jariri shi ne naɗe keke ya zama aikin yau da gobe, mai iya tasowa a tsakiyar tafiya, mota cike, ana jira.

Saboda haka naɗi shi ne abu na farko da za a duba. Ƙananan kekuna iri biyu ne ta wannan fuska. Na farko shi ne mai naɗuwa kamar lema, ya tsuke ya zama dogo siriri. Wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila, Owen Maclaren, wanda ya yi aiki a kan ƙafafun jirgin yaƙi na Spitfire, shi ya ƙirƙiro shi a 1965 da sandunan alminiyam, aka fara sayar da shi a 1967, nauyinsa kusan kilo 3. Irin wannan yana da araha da sauƙin ɗauka, amma in an naɗe shi tsawonsa yakan kai mita guda, ba ya tsayuwa da kansa, kuma mariƙinsa biyu ne a rabe, don haka tura shi da hannu ɗaya yana da wuya. Na biyu shi ne mai ninkuwa gida biyu ko uku ya koma kamar ƙaramar akwati. Samfurin YOYO da kamfanin Babyzen na Faransa ya fitar a 2012 shi ya yayata wannan salo: faɗinsa santimita 44, nauyinsa kilo 6 da ɗoriya, in an ninke shi kuma yana komawa santimita 52 da 44 da 18, ƙasa da awon jakar hannu da ake shiga da ita jirgin sama. Daga baya kamfanoni da yawa sun bi sahu, irin su Joolz da Bugaboo da Silver Cross da Joie, kowanne da nasa. Ga mai hawa bas wannan salon ya fi dacewa, domin yana shiga tsakanin gwiwa da kujerar gaba, ko a kan ɗan tebur ɗin ajiye kaya da ke kusa da direba.

Amma ƙanƙantar keke bayan an ninke shi daban, sauƙin ninke shi daban. Akwai mashahuran samfura da suke buɗewa da girgiza ɗaya amma rufe su sai an sunkuya an sa hannu biyu, an danna nan an ja can. Uwar da ke riƙe da jaririya 'yar wata uku a kafaɗar hagu hannun dama kaɗai ya rage mata. Gwajin da ya kamata a yi a shagon sayarwa ke nan: a rungumi wani abu mai nauyin kilo 6 ko 7 a hannu ɗaya, ko da jakar hannu ce cike, sannan a ninke keken da ɗaya hannun, a ɗaga shi, a taka da shi taku goma. A maimaita sau uku ba tare da mai shago ya sa hannu ba. Idan ya kulle kansa bayan ninkewa, ya tsaya a ƙasa bai faɗi ba, kuma yana da igiyar rataya a kafaɗa, ya ci jarrabawa. Bidiyon talla ba ya maye gurbin wannan, don mai nunawa a bidiyo ya yi ta ɗaruruwan lokuta kuma hannayensa duka a sake suke.

Shekarun jaririyar su ne tarko na biyu, kuma nan ne masu saye suka fi yin asara. Jaririn da bai kai kimanin wata shida ba, wuyansa da bayansa ba su yi ƙwari ba, kwance sosai ake so ya kasance. In aka zaunar da shi a kishingiɗe, kansa na iya rinjayowa gaba haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya takura. Ƙananan kekuna da yawa kujerarsu ba ta kwantawa gaba ɗaya, kuma a jikin takardarsu an rubuta daga wata shida. Masu ƙera su sukan sayar da ƙaramin gado na daban da ake ɗorawa, to amma gadon mai ƙarfi sai an cire shi kafin a ninke keken, wato an komo gidan jiya. Ga 'yar wata uku mafita biyu ce: ko keken da kujerarsa da kanta take kwantawa sosai kuma an rubuta cewa ya dace tun daga haihuwa, ko kuma shimfiɗar jarirai mai laushi wadda take ninkuwa tare da keken. Na farkon ya fi dacewa a nan, tunda wata uku kawai suka rage, bai kamata a kashe kuɗi a kan abin da za a jingine nan kusa ba. Kujerar mota da ake maƙalawa a kan keke ba wurin doguwar kwanciya ba ce, ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a cikinta a jere.

Faɗi kuwa awo ne, sai a auna. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum a Ingila santimita 76 ce, abin da ke rage na wucewa bai kai haka ba. Ƙananan shagunan kayan abincin Afirka sun fi haka matsi, saboda ana jibge buhunan shinkafa da kwalayen doya da jarkokin mai a ƙasa, a gindin kantoci, daidai inda tayoyi ke bi. Shi ya sa faɗin da ake aunawa shi ne daga bayan tayar baya ta dama zuwa bayan ta hagu, domin nan ne keke ya fi faɗi. Abin da bai wuce santimita 50 ba zai wuce yawancin wuraren nan, zai kuma wuce lungun da ke cikin bas inda murfin tayoyin gaba ya kumburo ciki dama da hagu. Wanda ya cika faɗi kuwa sai an roƙi direba ya buɗe ƙofar tsakiya. Tsawo ma yana da tasiri a ƙarshen layin kantoci inda ake juyawa. Gajeren keke mai tayoyin gaba masu juyawa da kansu da mariƙi ɗaya miƙaƙƙe yana juyawa a inda yake tsaye, a tura shi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kwandon sayayya.

Nauyin keke ga mai zama a hawa na biyu da aka yi wa tiyata bai kamata ya haura kilo 7 ba. Bambancin kilo 14 da kilo 6 shi ne bambancin sawu biyu a matakala, ana barin jaririya ita kaɗai a sama, da sawu ɗaya, keke a kafaɗa, yarinya a jiki.

Ƙaramin keke yana da nasa naƙasu, kuma gara a san shi kafin a biya kuɗi. Tayoyinsa ƙanana ne, suna jin kowane tsagi na daɓen gefen titi, suna kuma iya faɗawa ratar da ke tsakanin jirgin ƙasa da dandamali. Dabarar sauka daga jirgi ko bas ita ce a juya a fita da baya, uwa ta fara taka ƙasa, tayoyin baya su biyo. Kwandon ƙasa ƙarami ne, da yawa kilo 5 kawai aka yarda a zuba masa, wato doya biyu da kwalbar manja sun cika shi. Daga nan ne ake jarabtuwa da rataya leda a mariƙi. Wannan haɗari ne na gaske: keke mai kilo 6 ba shi da nauyin da zai rinjayi ledar shinkafa, da an saki hannu ko bas ta ja birki sai ya tuntsura baya da yaron a ciki. Jakar goyawa a baya ita ce wurin kayan nauyi, buhun shinkafa kuma a bar wa maigida ko a sa a kawo gida. Rumfarsa ma gajeriya ce, amma kada a cike gurbin da lulluɓa mayafi ko zani a kai lokacin zafi, domin yana tare iska, zafi ya taru a ciki, ya kuma hana ganin fuskar yaron. Ledar ruwan sama ta musamman dole ce a wannan gari, a tabbata tana cikin farashin ko a saye ta tare.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshi 272 ake shiga ba tare da hawa matakala ba. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 da layin DLR duk tashoshinsu ana kai wa dandamali babu matakala, don haka in da zaɓi su ake bi. Ba a hawa matakalar lantarki da yaro cikin keke, a ɗauke shi a ninke. A kan dandamali ana taka birki, a tsayar da keken yana kallon tsawon layin dogo, domin wasu dandamalin sun ɗan gangara wajen layin. Birkin da ake takawa ƙasa a kulle, a sake takawa a buɗe, ya fi wanda sai an ɗago shi da saman ƙafa, musamman ga mai silifa.

Maganar Hajiya ta goyo tana da wuri a nan, kuma wuri babba. Abin da ke sa naɗe keke a bas ya gagari uwaye da yawa shi ne rashin inda za su sa yaron. Wadda ta iya goyo ba ta da wannan damuwa. Zani da majanyi a ninke cikin kwando ba su da nauyi. In an hango bas cike, a ɗaure yarinya a jiki tun a tasha, a ninke keke, a shiga kamar kowane fasinja. A shagon da ya fi kowanne matsi ma haka, keke a kafaɗa. Goyon minti goma bai kai wahalar goyon wuni ba, don haka jikin da ke murmurewa daga tiyata zai fi ɗauka, ko da yake ciwon mara ko baya da ya kai wata uku ya cancanci a gaya wa likita ko ma'aikaciyar lafiyar da ke duba masu jego. Ga jaririn da wuyansa bai tsaya ba, shawarar ma'aikatan lafiya a Ingila ita ce a ɗaure shi ta gaba, inda ake ganin fuskarsa, haɓarsa ba ta kan ƙirji, hanci da baki a buɗe. Goyon baya ya fi natsuwa bayan wuya ya yi ƙwari.

Ana samun waɗannan kekuna na hannu da rangwame mai yawa, kuma babu laifi a saya in an bincika. A nemi lambar EN 1888 a jikinsa, ita ce ƙa'idar lafiyar kekunan jarirai a Birtaniya da Turai. Kashinta na farko na yaro har kilo 15 ne, na biyu har kilo 22. A gwada birki a kan gangara, a ja ɗamarar mai maɗauri biyar a ga ba ta kuɓucewa, a duba makullin da ke hana shi ninkewa da kansa. A kuma nemi sunan samfurin a intanet ko an taɓa janye shi daga kasuwa. Hakan na faruwa har da manyan kamfanoni: a 2009 an janye kekunan Maclaren kimanin miliyan ɗaya a Amurka bayan mahaɗin ninkewa ya datse kan yatsun wasu yara. Shi ya sa ake nisanta hannun yaro duk lokacin da ake buɗewa ko rufewa, ko wane iri ne.

Ga halin da aka bayyana a wasiƙar, keken da ya dace shi ne mai ninkuwa kamar akwati da hannu ɗaya, mai kujerar da ke kwantawa sosai tun daga haihuwa, faɗinsa tsakanin santimita 44 da 50, nauyinsa kilo 6 zuwa 7, da igiyar kafaɗa. Samfura suna canzawa kusan kowace shekara, don haka a tafi shago da tef ɗin awo da waɗannan lambobi a rubuce maimakon sunan kamfani. Babban keken kuma, tunda kyauta ce ta mutunci, a tambayi mai shi ko tana so a mayar mata kafin a ba wani.