Hukuncin Kallon Husufin Rana

Husufin rana yana aukuwa ne idan wata ya gitta tsakanin rana da duniya. Haka aka gani a Gusau da Maraɗi ran 29 ga Maris, 2006, har gari ya yi duhu da hantsi.

Ranar da Ibrahimu, ɗan Manzon Allah (S.A.W.), ya rasu, an yi husufi. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi ya kore wannan zato, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ya yi umurni da salla da addu'a da sadaka.

Sallar raka'a biyu ce, kowace da ruku'u biyu. Kallo bai haramta ba, amma duban rana ba tabarau na musamman yana lahanta ido, kiyaye lafiya kuwa wajibi ne. Allah Ya sa a dace, amin.