Bin Sawun Matsalar Fitilun Baya A Tsohuwar A-kori-kura

Gabatarwa

Da farko ina neman afuwar malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin na san abin da aka saba gani a wannan mujalla shi ne nahawu da adabi da al'ada. To amma a ganina, harshen da ake cinikin doya da shi a Gwagwalada, ake ɗaukar fasinja da shi a Zuba, bai kamata ya gaza bayanin lantarkin mota ba. Ni da Gbagyi na buɗe baki, Hausa koyonta na yi, saboda haka inda aka ga tuntuɓen harshe a yi mini uzuri.

Kawuna yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna, kamfanin da ya fara fitar da motoci a 1975. Doya yake ɗaukowa da ita daga ƙauyukan Kwali da Abaji. Wani dare da damina muna dawowa a kan hanyar Lokoja, ana yayyafi, ya taka birki saboda rami, sai muka ji kukan tayoyin tirela a bayanmu. Saura ƙiris ta hau mu. Direban ya sauko yana faɗa: "Haba malam! Kashe mu za ka yi? Ka tsaya a tsakiyar titi ba wuta a bayanka ko ɗigo!" Kawu ya rantse cewa da idonsa ya ga fitilun suna ci kafin mu taso. Daga baya muka gano cewa dukkansu gaskiya suka faɗa. Fitilun suna ci, amma da zarar an taka birki sai su dushe. Dalilin haka shi ne jigon wannan darasi.

Wuta ba ta tafiyar da babu dawowa

Batirin irin waɗannan motoci mai ƙarfin bolt 12 ne, kuma yana da kai biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Wuta takan fito daga na tarawa, ta bi ta fis, ta bi ta makunni, ta bi doguwar waya har bayan mota, ta shiga ƙwan fitila. Nan mafi yawanmu muke tsammanin tafiyar ta ƙare, alhali rabinta aka yi. Dole ne wutar ta koma batir, in ba haka ba ƙwai ba zai kama ba. Don a rage yawan wayoyi, maƙera motoci sun mayar da ƙarfen jikin motar ya zama hanyar komawa. Wato an ɗaure kan batir mai alamar ɗebewa a jikin ƙarfe, kowace fitila ita ma an ɗaure ta a jikin ƙarfe, ko dai da 'yar gajeriyar waya ko da kusoshin da ke riƙe da ita. Masu gyara suna kiran wannan haɗi da kalmar Turanci mai ma'anar "ƙasa", ko da yake ba ruwansa da ƙasar da muke takawa. Ni a nan zan kira shi hanyar komawa.

A ƙaramar mota jikin duk ɗaya ne. Ita kuwa a-kori-kura, bodinta na baya ɗora shi ake yi a kan ƙarafan gindi a ɗaure da kusoshi. Bayan shekara talatin na ruwan damina da ƙurar hunturu da jijjigar hanyar ƙauye, tsatsa takan shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, tsatsa kuwa ba ta barin wuta ta wuce yadda ya kamata.

Abin da ya faru da motar Kawu ke nan. Ƙwan baya yana da zare biyu a cikinsa, siriri mai wat 5 na fitilar dare, da kakkaura mai wat 21 na birki. Da hanyar komawa ta toshe, sai wutar ta nemi ɓarauniyar hanya, ta bi ta cikin ƙwayayen sigina na baya, ta wuce zuwa na gaba, ta sami ƙarfe a can. Wutar zaren wat 5 kaɗan ce, wannan hanya tana iya ɗaukarta, shi ya sa Kawu ya ga fitilunsa suna ci. Amma da aka taka birki, wuta mai yawa ta taho, sai ƙarfin batir ya rarrabu tsakanin ƙwayaye da dama, kowanne ya sami ɗan abin da bai isa ba. Ja ya dushe, sigina ta yi ɗan haske dishi-dishi, direban tirela kuma bai ga komai cikin ruwa ba.

Gyaran gangar Abzinawa

Washegari muka kai ta wajen wani mai gyaran wayoyi a bakin titi. Bai tambayi komai ba, ya canza ƙwayaye huɗu, ya yanke waya nan ya ƙulla can. Garin haka wata waya ta taɓa ƙarfe, fis ya ƙone, shi kuma ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari ya mayar. Mun biya kuɗi, matsalar tana nan, ga kuma warin roba mai ƙuna.

Sai da muka je ƙauyen kanikawa na Apo muka sami wani dattijo. Ya ce da ni, "Ɗan makaranta, shiga ka kunna fitila ka taka birki." Ya tsaya a baya yana kallo, bai taɓa komai ba. Sannan ya ɗauko wata doguwar waya, ya maƙala bakinta ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa, ɗaya bakin ya ɗora a ƙarfen gidan fitila. Nan take ja ya haska tar. Na ce, "Baba, shi ke nan?" Ya ce shi ke nan, saura shara. Ya kwance kusar, ya kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure sabuwar waya mai kauri daga bodi zuwa ƙarafan gindi, ya shafa giris a kai don kada ruwa ya sake shiga. Aikin bai kai rabin awa ba. Sauran yinin kuwa ya tafi ne wajen warware ɓarnar na farko.

Kafin a taɓa waya, a karanta alama

Ɗan'uwa mai karatu, abin da na koya a wurin dattijon nan shi ne, ita alamar da kanta tana nuna inda za a duba. Idan fitila ɗaya tak ta mutu, 'yar'uwarta ta ɗaya gefen tana ci, to fis da makunni lafiyarsu lau, domin galibi su biyun suke yi wa aiki tare. A duba ƙwan da mazauninsa. Sau da yawa ƙwan bai mutu ba, mazaunin ne ya yi kore saboda ruwan da ya shiga ta fasasshen murfi. Haka kuma ƙwai mai zare biyu yana da 'yan ƙusoshi biyu a gindinsa waɗanda ba a jere suke ba, don kada a sa shi a juye. Wanda ya danna shi da ƙarfi a juye, ko ya cusa mai zare ɗaya a gurbin mai biyu, ya jawo wa kansa sabon ciwo.

Idan fitilun birki duka biyu suka mutu amma na dare suna ci, a duba fis, sannan a leƙa ƙarƙashin sitiyari, a saman abin taka birki. Akwai ɗan makunni mai waya biyu a wurin. A kunna makulli, a haɗa wayoyin biyu da juna. In fitilun suka kama, makunnin ne ya lalace ko ya goce daga mazauninsa. Fitilar ribas ma haka take, sai dai nata makunnin a jikin akwatin giya yake. Ita kuma sigina, in ta canza yadda take ƙiftawa, ta yi sauri ko ta tsaya cak, yawanci ƙwai ɗaya ne ya mutu a wannan gefen, gaba ko baya. Waɗanda ke sa ƙwayayen zamani na LED a tsohuwar mota sukan gamu da irin wannan, domin wutar da suke ja ta yi kaɗan ga tsohuwar na'urar ƙiftawa.

Amma duk lokacin da aka ga fitilu suna shiga sha'anin juna, an taka birki sigina ta kama, ko an sa sigina ja yana ƙiftawa tare da ita, to kada a sayi komai tukuna. A yi gwajin doguwar waya.

Batun fis

Fis ba abokin gaba ba ne. An yi shi ne da gangan ya zama mafi rauni, ya ƙone shi kaɗai kafin waya ta ƙone. Lissafin ba wuya. A raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ake ja, wanda ake aunawa da amfiya. Ƙwai mai wat 21 a kan bolt 12 yana jan amfiya 1.75, biyu kuwa 3.5. Ke nan fis mai amfiya 10 ya ishe su har da rara. Idan irin wannan fis yana ƙonewa a kai a kai, ba ƙanƙanta ya yi ba, wata waya ce ta kwaile tana taɓa ƙarfe. Wanda ya sa mai 30 ko takardar sigari, ya mayar da wayar motar ta zama fis, kuma wayar nan kusa da tankin mai take bi.

Ga dabarar da Baba ya nuna mini ta gano inda wayar ta kwaile. Ana cire fis ɗin, a haɗa fitilar gwaji a gurbinsa, wato ƙwai ɗaya mai waya biyu, a cire ƙwayayen baya, a kunna makunni. In fitilar gwajin ta haska sosai, wuta tana zurarewa a wani wuri. Sai mutum ɗaya ya shiga ƙarƙashin mota yana motsa wayoyi daga gaba zuwa baya, ɗaya yana kallon fitilar. Inda aka taɓa ta mutu ko ta yi ƙifce, nan ɓarawon yake. Wuraren da aka fi kama shi su ne inda waya ta ratsa huda a jikin ƙarfe robar kariya ta zube, da kusa da salansa inda zafi ke narkar da roba, da kuma inda wani ya taɓa yankowa don sa fitilun ado. Kafin a yanke ko a ƙulla, a cire kan batir mai alamar ɗebewa. Ƙullin kuma a like shi da dalma sannan a naɗe, domin wanda aka murɗa da hannu aka rufe da baƙin tef ba ya wuce damina ɗaya.

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna duba fitilun baya idan sun tsayar da mota, amma direba ba ya ganin bayansa yana zaune. Wanda ba shi da yaron mota sai ya juya bayanta ga bango da dare, ya kunna fitilun dare tukuna, sannan ya taka birki yana duban madubi, ya sa sigina hagu da dama ƙafarsa tana kan birkin. A gwada su tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba, domin da ɗaya-ɗaya Kawu ya gwada nasa a ranar nan kafin mu taso daga Abaji.