Kafin ka ce a ɗaga maka mota ko a sa mata shok mai ƙarfi

Gyaran ƙafar mota ne sana'ata, kuma maganar da na fi ji daga masu kawo min aiki ba ta wuce biyu ba: "Oga, a sa min shok mai ƙarfi," ko kuma "A ɗan ɗaga min ita, tana gogar ƙasa." Duk buƙatun biyu suna da dalili, don wanda yake bin gargada da ramuka kullum, ya kai yara makaranta, ya wuce kasuwa, ya san abin da bayansa da aljihunsa suke sha. Damuwata ita ce mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan abin da ba shi ne ciwon motar ba.

Abu na farko da nake so kowane mai mota ya riƙe shi ne, shok ba ya ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma ke tsayar da tsawon motar daga ƙasa. Aikin shok shi ne hana sifirin ya ci gaba da lilo bayan an faɗa rami. A cikin shok akwai mai da ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan kafofi, wannan matsin ne ke kwantar da tsallen. Don haka idan bayan motarka ya zauna, ko tana taɓa ƙasa da zarar mutum uku sun shiga baya, ko ka sa shok mafi tsada a kasuwar Ƙofar Ruwa ba zai ɗaga ta ba. Sifirin ne ya gaji, ko kuma kaya sun fi ƙarfinta. Idan kuwa tsayinta daidai ne amma tana rawa bayan kowane tudun rage gudu, tana dungurawa gaba in an taka birki, taya tana ci wuri-wuri kamar an yi mata tabo, to nan ne ake zargin shok. Wannan kuma ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Tayar da ke tsalle ba ta manne da kwalta, kuma birki ba ya kama tayar da ke sama.

Kafin mu yi maganar ƙari, nakan fara mayar da mota yadda kamfani ya yi ta. Ina farawa da iskar taya. Sau da yawa mota takan zo da iska 45 ko 50 da mai faci ya ɗura, alhali takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ta rubuta abin da bai wuce 30 zuwa 35 ba a yawancin ƙananan motoci. A wannan takardar ko a littafin motar za ka ga iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, in ka duba za ka gane dalilin da buhunan shinkafa a but suke kashe sifirin. Daga nan sai bushin, boljoyin, tarod, da linkej. Yawancin ƙarar "kwas-kwas" da ake ɗora wa shok laifinta, daga linkej take fitowa ko daga robar mazaunin shok na sama, kuma kuɗinsu bai kai rabin na shok ba. Da yawa in an gyara waɗannan, mai motar da kansa yake janye maganar ƙari.

Idan har shok ɗin ne, sai a tsaya a yi zaɓi. Masu ƙera shi irin su KYB da Monroe suna ba da shawarar a fara lura da shi daga wajen kilomita 80,000, a hanyoyinmu kuwa ba kasafai yake kai haka da lafiyarsa ba. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai bututu biyu, shi ne a yawancin Corolla da Camry da Accord tun daga kamfani, yana da laushi, kuma ko dutse ya ɗan lotsa bututun waje yakan ci gaba da aiki. Akwai mai bututu ɗaya, wanda iskar gas mai matsi sosai take raba daki da man, yana saurin huce zafi, yana riƙe mota da kyau a doguwar tafiya da kaya, amma ya fi tauri, kuma lotsawa ɗaya tana iya kashe shi. A KYB, Excel-G ne na farkon, Gas-a-Just ne na biyun. A Bilstein, B4 madadin na kamfani ne, B6 ya fi shi tauri a tsayin mota na asali, B8 kuma an yi shi ne don motar da aka sauke ƙasa. Ga motar zuwa aiki da cefane, ni dai mai bututu biyu nake ba mutum shawara. Tauri ba shi ne ƙarko ba. Dukan da shok mai tauri ya ƙi shanyewa ba ɓacewa yake yi ba, yana wucewa ne zuwa bushin, da gangar motar, da ƙugun wanda ke zaune.

Maganar ɗagawa ita ce ta fi ɗaukar min lokaci wajen bayani. Motocin da ake shigo mana da su an tsara su ne don titunan Turai da Amurka, shi ya sa salansa ke gogar tudun da aka gina a unguwa ba bisa ma'auni ba. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce sabon sifirin na ainihin motar, don sau da yawa tsohon ya riga ya sauka, sabon kawai zai mayar da tsayin da aka rasa. In bai isa ba, ana iya sa ɗan zobe a saman ƙafar, amma ba na son ya wuce santimita 2 zuwa 3. Da zarar an zarce, shaf yakan karkace fiye da kima, robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai ka fara jin "ƙas-ƙas" a kwana. Shok ɗin ma yana zama a miƙe kusan ƙarshensa, ba shi da sauran wurin sauka in taya ta faɗa rami. Mota mai tsayi kuma ta fi saurin kwantawa gefe a kwana. Abin da ba na yi ko nawa za a biya shi ne cusa guntun taya tsakanin zagayen sifirin, ko ɗauko sifirin babbar mota a sa wa ƙarama don kawai ya shiga.

Matasa kuma saukewa suke so, da manyan rim. Ga lissafi mai sauƙi: taya 195/65 R15 tana da gefe mai tsayin kusan santimita 12.7, ita kuwa 215/45 R17 kusan 9.7. Santimita 3 na roba da iska kenan ka cire tsakanin rim ɗinka da bakin rami. Irin ƙafar nan mai zare da ake murɗawa a daidaita tsayi tana da kyau a filin tsere, amma ƙurar hunturu da ruwan damina sukan cinye zaren ya ƙi motsi, masu arahar cikinsu kuma ba sa jimawa. Yanke sifirin ko gasa shi da wuta don ya sauka kuwa, wasa ne da rai.

A kasuwa a buɗe ido. Jabun shok masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika shaguna, akwai kuma tsofaffin da ake hudawa a ɗura musu mai, a toshe, a fesa baƙin fenti. Duba jikin ko akwai alamar walda ko toshi, duba sandar ko ta yi tsatsa ko zane, nemi lambar kayan da aka buga a ƙarfen ka gwada da ta kwalin. Ɗan Beljiyam, wato tsohon da aka shigo da shi daga waje, yana iya yin kyau, amma ba wanda ya san tafiyar da ya yi, kuma danna shi da hannu a shago mataccen kawai yake tonawa, ba ya nuna wanda ya kusa mutuwa. In za ka saya, ka yi sharaɗin mayarwa tun kafin ka biya.

Wajen ɗaurawa ka tsaya ka gani da idonka. A canza biyu tare, dama da hagu, ko da ɗaya ne ke yoyo. A sa sabuwar robar da ke rufe sandar, don ita ce ke hana yashi cin sil. A matse sifirin da maƙullin da aka yi don haka, ba da igiya ko waya ba, domin sifirin da ya kuɓuce yana karya hannu da muƙamuƙi. Kusoshin bushin kuma kada a ƙarasa ɗaure su sai motar ta sauka daga jak nauyinta ya hau ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage cikin 'yan watanni. Daga garejin ka wuce wajen alaimen a ranar, kuma bayan mako guda ka dawo a sake bin kusoshin.