Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Renon Yara Da Neman Abinci A Mubi

A garin Mubi na Jihar Adamawa, inda kasuwar shanu ke jawo fatake har daga Kamaru, magidanta da dama kan kwana a hanya, matansu kuma suna aiki a shaguna ko a Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002. A da kaka ko 'yar reno ke riƙe jariri. Yanzu 'yar renon tana makaranta, saboda haka nauyin ya taɓo wurin aiki.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta bai wa ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashinta muddin ta cika wata shida a bakin aiki, da kuma rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza waɗanda aka yi wa haihuwa.

Don haka ya kamata mai shago ya shigar da kuɗin wannan hutu cikin kasafinsa tun farkon shekara, ya kuma sassauta lokutan aiki ga masu goyo, domin sau da yawa horar da sabuwar ma'aikaciya ya fi riƙe gogaggiya tsada.