Darasin Tattalin Arziki: Yadda Amurka Ta Ceto Barewarta

Wajen shekarar 1900, maharba masu kai nama kasuwa sun kusa ƙarar da barewa a Amurka. Dalili kuwa a fili yake: dabbar da ba ta da mai ita, kowa gaggawar harbinta yake yi kada wani ya riga shi. Sai jihohi suka haramta cinikin naman farauta, Dokar Lacey ta 1900 kuma ta hana ƙetarar da haramtaccen nama daga jiha zuwa jiha. A 1937 aka ware harajin bindigogin farauta da harsasai domin kula da namun daji, watau maharbi ke biyan kuɗin raya abin harbinsa. Yau barewar ta kai kimanin miliyan 30. Naman da gidajen abinci ke sayarwa kuwa na kiwo ne, akasari daga Niyu Zilan.