Dogonyaro Baƙo Ne

Ko'ina muka duba a birnin Sakkwato, sai inuwar dogonyaro. Amma baƙo ne, asalinsa Indiya. A 1928 aka fara dasa shi a Barno.

Tsuntsaye da jemagu suna shan 'ya'yansa, su yar da ƙwallon a daji. Ya tsiro da sauri, ya danne ƙananan gawo da magarya. Ran da gawo ya ƙare, me awakinmu za su ci da rani?

Saboda haka mu tuge wanda ya tsiro a dawa. In za mu ɗebi iri, mu tsinto daga lafiyayyun itatuwa da yawa, kada cuta guda ta kwashe duka.

Mu dasa baƙo, mu kiyaye ɗan gida.