Yadda ake neman gurbin karatun likita a makarantun ostiyofati masu hidima ga marasa galihu a Amurka

A Amurka digiri iri biyu ne ke mai da mutum cikakken likita: MD da DO. Mai DO yana duba marar lafiya, ya rubuta magani, ya yi tiyata a duk jihohi 50, kamar takwaransa mai MD. Bambancin shi ne ɗalibin DO yana samun ƙarin horo na kimanin sa'o'i 200 kan bincike da gyaran tsoka da ƙashi da gaɓoɓi da hannu. Likita Andrew Taylor Still ne ya buɗe makarantar farko ta wannan fanni, wato ostiyofati, a garin Kirksville na jihar Misuri a 1892. A yau kusan ɗaya cikin kowane ɗaliban likita huɗu a ƙasar DO yake karantawa, kuma fiye da rabin likitocin DO suna aiki ne a matakin farko na kiwon lafiya: likitan iyali, na yara da na cututtukan manya.

Da yawa daga cikin makarantun nan an kafa su ne da gangan a karkara da unguwannin da likita ya yi ƙaranci. Don haka maki kaɗai ba ya gamsar da su. Suna son ganin shaidar cewa ka riga ka saba da irin mutanen da aka gina makarantar domin su, kuma za ka zauna cikinsu bayan ka gama.

1. Ka tabbatar ka cancanta

Ba a shiga karatun likita a Amurka daga sakandare. Sai ka yi digirin farko, a kowane fanni, muddin ka haɗa darussan da ake buƙata: shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta fizis, shekara biyu ta kimistiri, duk da aikin ɗakin gwaji, sai shekara guda ta Ingilishi. Wasu makarantun suna ƙara bayokimistiri.

Sannan ka duba matsayinka na zama. Yawancin makarantun 'yan ƙasa da masu katin zama na dindindin kawai suke ɗauka. Kaɗan ne ke karɓar ɗaliban waje, kuma sukan nemi a yi darussan kimiyyar a jami'ar Amurka ko Kanada. Idan a Najeriya ko Nijar ko Ghana ka yi digirinka, sai wata hukumar tantance takardu kamar WES ta auna sakamakonka da ma'aunin Amurka. Idan kuma burinka ka koma gida aiki, ka tambayi hukumar rajistar likitocin ƙasarku yadda take ɗaukar digirin DO tun kafin ka kashe kwabo. A Birtaniya da wasu ƙasashe akwai masu ostiyofati da ba likitoci ba ne, shi ya sa akan rikita su da likitocin DO na Amurka.

2. Ka zaɓi makaranta bisa al'ummar da take yi wa hidima

Kowace makaranta da mutanenta. Ta jihar West Virginia da ke Lewisburg da ta Jami'ar Pikeville a Kentaki suna horar da likitoci ne domin ƙauyukan tsaunukan Appalachia. Jami'ar jihar Oklahoma ta buɗe reshe a Tahlequah a 2020 tare da al'ummar Cherokee, makarantar likita ta farko a ƙasar da aka kafa da haɗin gwiwar wata ƙabilar 'yan asali. Kwalejin Touro tana tsakiyar unguwar Harlem a birnin New York tun 2007. Makarantar Jami'ar A.T. Still da ke Mesa a Arizona, wadda ita ma ta buɗe a 2007, tana tura ɗalibanta koyon aiki a cibiyoyin lafiya na al'umma, kuma tana da tsarin da irin wannan cibiya ke tsaya wa ɗan yankinta mai neman gurbi.

Ka karanta manufar kowace, ka duba asibitocin da ɗalibanta ke aikin koyo a shekara ta uku da ta huɗu, da kuma inda waɗanda suka gama suke samun horon ƙwarewa. Ka tabbatar hukumar COCA mai tantance makarantun DO ta amince da ita. Makarantun gwamnatin jiha sukan fifita 'yan jiharsu a gurbi da kuɗin makaranta.

3. Ka tara shaidar hidima tun da wuri

Wannan mataki ne ya fi cin lokaci, kuma ba a yin sa a gurguje. Ka nemi aikin sa kai ko na albashi a asibitin kyauta, ko cibiyar lafiya ta unguwa, ko motar ɗaukar marasa lafiya, ko gidan kula da tsofaffi. Shekara biyu a wuri ɗaya, inda ma'aikata suka san sunanka, ta fi wurare goma da ka leƙa na mako-mako. Tafiyar mako guda zuwa wata ƙasa a raba magani ba ta kai nauyin wannan ba.

Idan kana jin Hausa ko Faransanci ko Larabci, ka yi tafinta tsakanin likita da marasa lafiya 'yan ci-rani. A can za ka ga dalilin da ya sa mutum yake fasa sayen magani, ko yake ƙin komawa asibiti. Ka kuma nemi likitan DO da zai bari ka riƙa bin sa kana kallon aikinsa. Ka ajiye littafi kana rubuta rana da adadin sa'o'i da abin da ka koya, ba tare da sunan marar lafiya ba, domin fom ɗin neman gurbi zai tambaye ka.

4. Ka rubuta jarrabawar MCAT

Jarrabawa ce ta wajen sa'o'i bakwai da rabi, mai sassa huɗu, makinta daga 472 zuwa 528. Matsakaicin makin waɗanda makarantun DO ke ɗauka a 'yan shekarun nan yana kusa da 504, sakamakon digiri kuma wajen 3.6 cikin 4.0. Ka rubuta ta kafin ƙarshen watan Mayu na shekarar da za ka nema, don sakamako yana ɗaukar kusan wata guda. Ka sani kuma, wajen lissafin sakamakon digiri, tun 2017 aka daina shafe tsohon maki idan ka maimaita darasi. Duka biyun ake lissafawa.

5. Ka nemi wasiƙun shaida

Galibi ana son wasiƙu daga malaman kimiyya biyu, ko daga kwamitin jami'arka, da ɗaya daga likita. Makarantu da yawa sun fi son likitan ya zama DO, wasu ma sharaɗi ne. Ka ƙara da ta shugaban wurin da ka yi hidima, domin shi ne zai faɗi abin da ya gani da idonsa. Ka ba kowa aƙalla wata biyu.

6. Ka cike fom ɗin AACOMAS da wuri

Wannan shi ne fom ɗin bai-ɗaya a intanet. Yana buɗewa a farkon Mayu, ya fara aika takardu ga makarantu a tsakiyar Yuni. Makarantun gwamnati biyu na Teksas suna amfani da nasu tsarin, TMDSAS. Kuɗin tura fom ga makaranta ta farko ya kai kusan dala 200, kowace ƙari kuma da nata. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman a yafe masa na farkon, amma kafin ya tura fom.

Makarantun ba sa jiran ranar rufewa. Suna duba takardu suna raba gurabe yadda suka iso. Ko ka yi sammako, wani a tafe ya kwana, saboda haka ka tura naka a Yuni.

Bayanin kanka bai wuce haruffa 5,300 ba. Kada ka cika shi da "ina son taimakon talakawa", kowa haka yake cewa. Ka ba da labarin abu ɗaya ko biyu da suka faru a gabanka, da abin da ka yi, da abin da ya sauya a tunaninka. Ka bayyana dalilin zaɓen DO da abin da ka gani wajen likitan da ka bi. Masu tantancewa suna saurin gane wanda ya zo don MD ta gagare shi.

7. Ka amsa fom na biyu, ka shirya ganawa

Kowace makaranta za ta aiko da tambayoyinta. Ka mayar cikin mako biyu, kuma kada ka kwafa amsa ɗaya ga kowa. Ka san matsalolin yankin: nisan asibiti da shaye-shayen ƙwayoyi a Appalachia, ciwon suga a tsakanin 'yan asalin ƙasar, rashin inshora da matsalar harshe a birane. A ganawa, ta ido da ido ce ko ta bidiyo, za a so jin ko za ka iya zama a ƙaramin gari shekara da shekaru. Ka faɗi gaskiya.

8. Ka yi lissafin kuɗi kafin ka karɓa

Yawancin makarantu masu zaman kansu suna karɓar fiye da dala 50,000 a shekara, ban da masauki da abinci. Ɗan ƙasa yana iya neman tallafin NHSC na gwamnatin tarayya, wanda ke biyan kuɗin makaranta da alawus, shi kuma ya yi aiki a yankin da ke ƙarancin likitoci, shekara guda kan kowace shekarar tallafi, mafi ƙaranci shekara biyu. Ɗalibin waje ba ya samun wannan ko bashin gwamnatin tarayya.

Idan aka ba ka gurbi kafin 15 ga Nuwamba, yawanci kana da har 14 ga Disamba ka biya kafin alƙalami, kuma sau da yawa ba a mayarwa. Idan ba ka samu ba a bana, ka tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai inda takardunka suka gaza, ka gyara wurin, ka ci gaba da aikinka a cibiyar da kake hidima, sannan ka sake turawa a Yuni mai zuwa.